Ƙasa a Hawa na Biyu

A layin masu gyaran rediyo, Hawa Huɗu kowa ke kiranta. In ka kuskura ka tambayi dalili, to nemi kujera, don sai ka ji labarin daga tushe, tana yi tana tafa hannu.

Shekara ashirin ta yi a shagonta mai faɗin tabarma biyu, tana ɗiga dalma a allunan lantarkin da wasu suka zana. Rannan ta ce ita ma nata za ta zana. Ba don burga ba. Babanta, tsohon magini, ƙarar injin yankan dutse ta cinye masa kunnuwa, shekara uku ke nan magana da shi sai a takarda. Ita kuwa mace ce da bakinta ba ya hutawa, abin yana ci mata rai ƙwarai.

Na'urar ƙara sauti ta haɗa masa, a kan allo mai hawa biyu, layukan jan ƙarfe sama da ƙasa. Ya saka a kunne, ya fizge.

"Wa ke soya mai a kaina?" in ji shi da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo. "Sau ɗaya zan ƙara gwadawa, 'yar nan. In ta yi min shuuu, a bar ni da shiruna."

Baba kuwa in ya faɗa ya faɗa.

Ta zauna lissafi. Hawa biyu ya yi kaɗan, layin batir yana zuba hayaniya cikin layin sauti. Hawa shida kuma ɓarna ne. Huɗu! Sauti a sama, wuta a na uku, sauran layuka a na huɗu. A na biyu kuwa shimfiɗar jan ƙarfe guda, wadda masu sana'ar ke kira ƙasa, manne da layin sauti don ta tare masa hayaniya.

Ta zana a takarda ta nuna masa tana rawar kai. Baba ya gyara tabarau, ya duba, ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ƙasa a hawa na biyu? Gini arba'in na tayar, ban taɓa ɗora ƙasa a bisa bene ba!"

Ya ɗauki biro ya ja kibiya, ya mayar da ita gindi. Ta goge. Ya sake ja. Ta rubuta masa: ba irin taku ƙasar ba ce. Ya rubuta: ƙasa ɗaya Allah ya yi. Dariya ta kama ta har ta buge kwanon ƙusoshi, amma yadda ta tsara haka ta aika wa masana'anta.

Ranar da allunan suka iso, kore shar, ta ɗaga ɗaya a hasken taga. Ta sa an ɗan buga lamba a gefen kowane hawa, ga su nan a jere kamar matakala, ɗaya zuwa huɗu, ba wanda aka juya. Kai, har tsalle ta yi! Ta liƙa kayan a kan allon, ta ƙona yatsa ba ta ma ji ba.

Baba ya zauna a bencin shago, ya saka na'urar a kunne, fuska a murtuke. Ta zagaya bayansa inda ba zai ga leɓenta ba, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ƙasa dai tana hawa na biyu."

Bai juyo ba.

"Na ji ki, ja'ira. Kuma har gobe ginin banza ne."

Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ashe muryar uwarki gare ki sak. Sake faɗa min."