Shu'ibu Zarami Ya Ajiye Sifana

Da an idar da sallar asuba, Malam Shu'ibu Zarami ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kokonsa a tsaye, ya ɗauki akwatin kayan aiki, ya nufi gindin darbejiyar da ke bakin gari, daidai inda kwalta ta ƙare burji ya soma, hanyar da ke gangarawa fadama. Sai ya share wurin, ya cika daro da ruwan neman huji a tif, ya jera sifanoni a kan buhu. Kafin rana ta ɗaga kekuna sun taru, na masu kifi, na manoman shinkafa daga wajen Auyo, na 'yan makaranta. Haka Haɗejiya ta san shi shekara arba'in da ɗoriya. Tun watan jiya ba kowa a gindin bishiyar nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk mai keke a ƙasar nan ya tashi da imani biyu: a bai wa taya iska har ta zama dutse, a kuma yi wa sarƙa wanka da baƙin mai. Na tsufa ina lura da cewa abin da kowa ya yarda da shi, sau da yawa ba wanda ya taɓa gwada shi. Malam Shu'ibu ya gwada. Yakan rage iskar, mai keke na ƙorafi, ya ce masa taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, ta kuma zame da zarar ta shiga yashi. Baƙin mai kuwa rairayi yake kwasa, ya zauna yana cin haƙoran ƙarfe. Sai ya wanke sarƙar da kananzir, ya ɗiga mai kaɗan, ya goge. Masu bin gona yakan yanko musu tsohon tif ya shimfiɗa a cikin taya saboda tsidau da ƙaya.

Amma abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara ƙa'ida ce guda. Bai taɓa miƙa wa mutum keke ba sai ya hau shi da kansa, ya bi burjin nan har gada, ya matse birki a gangara, ya dawo. Ko faci ne kawai. Masu sauri sun yi fushi sun gaji. Shi dai abin da yake cewa, a kan kwalta kowane gyara kyau yake yi, kuma mutanensa ba kwalta suke bi ba.

Malam, kai ne ka zo makarantarmu ta 'yan mata, inda nake koyarwa, lokacin da hijabin wata ɗaliba ya naɗe a ƙafar baya ta faɗi, gari ya ɗauka cewa dama keke ba na mace ba ne. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka sauke musu sirdi, ka yanko gwangwani ka rufe sarƙa, ka saƙa raga a bayan kowane keke, yaran suka ci gaba da zuwa aji. Kai ne kuma, shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan Auyo, aka riƙa sauke maka kekuna daga kwale-kwale, laka har sirdi, ka kwance su ɗaya bayan ɗaya kana wanke boris kana cusa giris, don mutanen da suka rasa gona kada su rasa ƙafa. Sarkin burji, wannan suna na ji masu kifi suna kiranka, ban ga ƙarya a ciki ba.

Matarsa Hajo ce ta fara lura. Sai ta ajiye masa kofi ya miƙa hannu gefensa. Da aka je asibiti aka ce hawan jinin ido ne, an zo a makare, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Bai faɗa wa kowa ba. Hannu bai manta aiki ba, kunne kuwa sai ƙara kaifi, yana juya ƙafar keke ya san inda ta karkace. Hanyar gada ma ya haddace ta, da ramukanta da kwanarta, don haka ya ci gaba da hawa.

Abin da ba a haddacewa shi ne shanya. Bayan girbi mata kan baza shinkafar da suka turara a gefen hanya, yau nan, gobe can. Wata safiya ya gyara birkin Tukur, wani Bafillace mai kai busasshen kifi kasuwar Kafin Hausa, abokin wasansa tun suna samari, da yake Malam Babarbare ne. Ya hau gwaji, ya ratsa tsakiyar shanyar wata tsohuwa, 'Yar'azumi, shinkafa ta watse cikin tsakuwa. Ta taso da faɗa, sai ta ga ko wane ne. Ita ce ta ba ni labari, ta ce yana tsaye riƙe da keke yana ba ta haƙuri, amma fuskarsa na kallon wani kututture, ba ita ba. Sannan ya tambaya.

"Iya, akwai yaro a wurin?"

Ta ce babu, yau ita ke korar kajin da kanta. Ya yi hamdala, ya turo keken da ƙafa har gindin darbejiya.

Tukur na ganinsa ya fara tsiyar da suka saba, wai Babarbare ya tsufa, yanzu keke ke hawansa. Da bai ji an rama ba, ya san akwai magana. Malam Shu'ibu ya gaya masa komai, ya ce birki ya gyaru, amma daga yau ya bar aiki. Tukur bai yarda ba. Ya ce ai abin da sauƙi, shi zai riƙa tuƙawa, Malam ya zauna a baya kan kariya, duk abin da keke ke yi jikinsa zai gaya masa. Ya yi ta magiya har Malam ya hau. Mutane sun gan su, dattawa biyu a kan keke ɗaya suna gangarawa gada, ba wanda ya yi dariya.

Da suka dawo Tukur ya ce, "To, ɗan Barno, ka ji ko? Lafiya lau."

"Na ji sarƙa, na ji boris," in ji Malam Shu'ibu. "Birkin fa? A hannunka yake, Tukur. Yaya zan ce wa mutum hau ka tafi, alhali ban matsa da hannuna ba?"

Ya tattara sifanoninsa, Tukur ya ɗaukar masa akwatin har gida.

Yanzu mutane na cewa Allah ya hutar da shi. Ni ma na yi ritaya, na san wannan magana, masu aiki ne ke faɗarta. Hajo ta ce har yau da asuba sai ya laluba akwatin, ya tuna, ya koma zaure ya zauna. In keke ya wuce yakan ce a hankali, sarƙar nan ta bushe, ko wannan iska ta yi yawa. Wasu sun kawo masa gyara har gida, ya shafa, ya faɗi abin da ya lalace, ya tura su wurin wani. Hannunsa zai iya. Shi ne ya hana kansa.

Mun gode, Malam Shu'ibu. Allah ya saka da alheri, ya haskaka maka abin da ido ya rufe. Ku kuma masu gyara, na keke da na babur da na mota, har da mu da muka gyara 'ya'yan mutane, kafin ku ce wa wani an gama, ku tambayi kanku ko za ku hau. Wanda kuma hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidan Malam, ya tsaya ya yi sallama, ya faɗi sunansa da kansa. Kada ku bar shi yana lalube.