Kwamfutar da Ni Kaɗai Na Iya

Wata Asabar ce cikin ranin shekarar 2006, lokacin da tumatir ya yi wa Kura yawa har ruwansa yana kwarara a bakin titi. Ina tsaye a ƙofar shagon Baba riƙe da kwanon abincinsa, shi kuma yana zaune gaban kwamfuta, hula a gwiwa, ya zuba wa gilashinta ido kamar wanda aka yi wa sata. A bencin waje manoma huɗu suna jira a buga musu jerin rabon ruwan noman rani na sashensu, ƙafafunsu duk taɓo. Gefen Baba kuwa Malam Idi ne, wani ɗan bautar ƙasa da yake haya a bayan gidanmu, sai murmushi yake yana cewa daga yau an huta. Shekarata goma sha biyu, ina aji shida, ban kuma san a ranar nan aka rufe ni a shagon ba.

Baba tsohon mai tafireta ne. Shekara da shekaru yana buga wa mutane wasiƙu a gindin darbejiya kafin ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Kano ya kama shago kusa da tasha. Yatsunsa sun san haruffa ko idonsa a rufe, amma Turancin da yake rubuce a saman gilashin bai taɓa shiga kansa ba. Sai ya yi dabara. Ya karɓi jan farcen Inna ya ɗiga a jikin gilashin: ɗigo ɗaya wurin buɗe takarda, biyu wurin ajiyewa, uku wurin bugawa. Ya kai linzami kan ɗigo, ya ƙirga layi zuwa ƙasa, ya danna, shi ke nan. Da haka ya buga katunan biki, takardun neman taki, da wasiƙun ƙungiyoyin manoma tun daga Bunkure har Garun Malam. Yakan ce, "Jaki ma ba karatu ya yi ba yake gane hanyar gida."

Matsalar ita ce kwamfutar ba ta wata biyu ba ta kamu da bairos ba. Sai a ɗaure ta a bayan babur a kai Kano, a dawo an rasa rabin takardun. Malam Idi ya ce yana da magani. Akwai wani tsari na kyauta, ba na kamfanin kowa ba, mutanen duniya ne suka taru suka haɗa shi, bairos ba ya kama shi. Baba ya ji kalmar kyauta, ya ji ba sauran zuwa Kano, ya ce bismillah. Safiyar Asabar ɗin nan aka goge komai aka zuba sabo. Gaskiyar Malam Idi kuwa, daga ranar ba ta sake yin ciwo ba. Sai dai duk abin da yake ƙarƙashin ɗigon Baba ya tashi daga wurinsa. Ya danna ɗigo uku don ya buga wa manoman nan takardarsu, sai wani akwati ya fito yana yi masa tambaya da Turanci.

Ni kuma rawar kai ce ta ja mini. Na ajiye kwano na leƙa, na karanta tambayar da ƙarfi don a san na iya. Malam Idi ya ce to zo ki danna. Na danna, firinta ta yi kukanta, takarda ta fito, manoman suka yi ta sa mini albarka. Kai, ranar na ji kaina ya yi girma! Sati uku ina zuwa yana nuna mini yadda ake jan layukan jerin ruwa, da yadda ake ajiye wasiƙa ta yadda za ta buɗu a kwamfutocin sakatariya. Sannan ya gama bautar ƙasarsa ya hau mota ya koma garinsu, ko lambar waya bai bari ba.

Ba wai Baba bai gwada ba. Mun kankare tsofaffin ɗigon da reza mun yi sababbi. Amma sabon tsarin nan ba ya zama wuri guda, akwatunansa yau a tsakiya gobe a gefe, ga tambaya duk lokacin da za a ajiye takarda. Rana ɗaya ina makaranta Baba ya amsa ta yadda ya ga dama, shugaban wata ƙungiyar manoma ya ɗauki takardar a faifai ya kai sakatariya, ta ƙi buɗuwa. Mutumin ya dawo ya tsaya a bakin shago yana faɗa har masu kwandon tumatir suka taru. Da muka tambayi mai gyara a Kano ko za a koma tsohon, ya ce sai dai a sake goge komai, bairos kuma ya dawo. Tun daga nan Baba ya koma benci, ni na hau kujera.

Haka rayuwata ta koma. A tashi daga makaranta, ko kayan makaranta ban cire ba, sai shago. Ta taga nake hango ƙawayena sun nufi bakin kanal da bokitan wanki, ina jin shewarsu idan aka saki ruwa. Lokacin yankan tumatir ana shanyawa, lokacin korar tsuntsu a gonar shinkafa da gwangwani, 'yar gala-gala a ƙofar gida bayan la'asar, duk suka wuce ni. Shagon ɗan ƙurmusus ne, kwano a sama, janareta a baya, warin fetur da zafi kamar a gidan burodi. In na ce zan je gida, sai a ce ga mai katin suna nan tun azahar yake jira. Wallahi na tsani kujerar nan. Har addu'a na yi bairos ya gano hanyar shiga sabon tsarin, Allah bai amsa ba.

Fatana ɗaya shi ne jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. A bayan takardun da suka lalace nake bitar lissafi. Da damina ta yi nisa sakamako ya fito, na ci. Inna ta rangaɗa guɗa, ta fara tara mini gari da ƙuli-ƙuli. Na ba kaina sati biyar in koya wa Baba. Kullum bayan asuba muna shago, ina riƙe hannunsa a kan linzami. Na zana masa akwatunan a kwali, na rubuta masa da Hausa. Ya gane yau, gobe akwatin ya zo da wata fuska ya rikice. Ina yi masa tsawa, ni da mahaifina, shi kuma yana cewa, "Yi haƙuri uwata, sake nuna mini." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Idonsa ma ya fara rauni, abin da bai gaya wa kowa ba sai daga baya.

Saura kwana huɗu tafiya, da safe kafin mutane su zo, ya tayar da janareta ya ce in zauna akwai wasiƙa. Na buɗe sabuwar takarda na tambaye shi zuwa ga wa. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa ya ce zuwa ga shugabar makarantar kwana. Baba mutumin takarda ne, ba zai iya ƙin kai ni ya yi shiru ba, sai ya rubuta. Ya faɗa da Hausa ina juyawa da ɗan Turancina, cewa yana roƙon a ajiye wa 'yarsa gurbinta zuwa baɗi saboda wani uzuri na gida. Shagon nan shi ne abincin mutum tara, na sani, shi ma ya san na sani. Na yi tunanin in ce kwamfuta ta ƙi, ba yadda za a yi ya gane. Amma na ga yadda yake murza hularsa, sai na kasa.

Ya ce, "Uwata, duba da kyau, kar a samu kuskure."

Babu kuskure ko ɗaya. Na buga, ya sa hannu, na ninke masa na sa a ambulan. Ban yi kuka ba sai da na shiga bayan shago wurin janareta, inda ba mai ji na. Ba su taɓa ba mu amsa ba. Na shiga jeka-ka-dawo ta cikin gari, na ci gaba da zama a kujerar shekara huɗu, har ƙanena ya taso na koya masa.

Yanzu manomi yana tsaye a gonarsa zai tura jerin ruwa ta waya, shagon kuma ya zama wurin sayar da maganin feshi. Ni ma ina da nawa wurin buga takardu a Kumbotso, kuma tsarin kyautar nan nake amfani da shi, don ya gyaru ƙwarai, ba ni da abin da zan ce da shi. Doka ɗaya gare ni: duk abin da mutum ɗaya ya iya, sai ya koya wa biyu. Baba ya rasu ban taɓa tayar masa da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Na daɗe da yafe masa, in ma akwai abin yafewa. Amma duk sanda na ga 'yan mata da akwatin ƙarfe a tasha ranar komawa hutu, sai na tsaya na bi su da kallo. Har yau ban san kalar ƙofar makarantar nan ba.