Finjalin da Mizyad Ya Ajiye a Ƙasa

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Mizyad a Sulaibiyya, ita ma ta kwano, in ya yi tari ni nake ce masa sannu. Abu Jarrah muke kiransa. A nan Kuwait aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kabarin kakansa ma yana can bayan Jahra, amma a takardun hukuma sunansa baƙon haure. Nawa sunan ke nan ni ma. Bidun ake ce mana, marasa ƙasa, sai ka ce daga sama muka faɗo.

Lokacin da aka kafa kwamitin rubuta 'yan ƙasa, uban Mizyad yana can daji da raƙumansa yana bin inda ruwa ya sauka. Aka aika masa ya shigo gari a rubuta shi. Ya ce wa ɗan aiken, "A rubuta ni a kai wa wa? Duk rijiyar da ke ƙasar nan ta san ni." Ya ci gaba da kiwonsa. Maƙwabcin tantinsa kuwa, da sayen sukari ya kai shi gari a makon, aka rubuta shi. Je ka ga gidajen jikokinsa yau.

Mizyad ya shiga soja yana saurayi, don a lokacin in dai za ka ɗauki bindiga ba mai tambayarka takarda. Aka sa shi tuƙa wani hafsa, Abu Talal. Shekarar da sojojin Iraki suka afka mana, harsashi ya sami Abu Talal a cinya. Mizyad ya goya shi, ya kawo shi cikin wannan gidan kwanon ya ɓoye, matarsa tana wanke ciwon da ruwan gishiri har ya tashi. Da aka kori maharan, aka rataya wa Abu Talal lambar yabo, aka ƙara masa girma. Mizyad kuwa aka ce ya tuɓe kaki, tunda ba shi da takardar ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Tun daga nan kankana yake sayarwa a bakin titi a bayan a-kori-kura, ido ɗaya kan masu saye, ɗaya kan motar masu kamen kaya. Abin da yake ƙona mini rai da mutumin nan shi ne bai taɓa zagin kowa ba. Duk shekara zai goge farar jallabiyarsa, ya sa turare, ya je ofishin da ke sabunta mana katin shaida ya bi layi a rana, ya dawo yana murmushi.

"Yaya, Abu Jarrah, an ba ka ƙasar?"

"Ana duba fayil ɗina, Abu Nayif."

"Tun kana da baƙin gemu ake dubawa. Makafi aka ba aikin ne?"

"Kai dai bakinka ba ya azumi. Haƙuri, malam. Ƙasar nan ta san 'ya'yanta."

Ana nan sai autarsa Nuwayyir ta gama sakandare da sakamakon da ya sa matan unguwa guɗa har muryarsu ta dishe. Yarinyar da ta yi karatunta a kan buhun shinkafa, wutar lantarki na ɗaukewa tana riƙe da tocila. Akwai wata kwalejin aikin lafiya da ke keɓe 'yan gurabe kaɗan don 'ya'yan bidun masu ƙoƙari, sunanta ya fito a ciki. Sharaɗi ɗaya ne: ta kawo kati mai rai kafin a rufe rajista a ƙarshen wata. Katinsu kuwa duk gidan ya mutu.

Ni na kai shi ofishin. Wani yaro sa'an ɗansa yana zaune bayan gilashi yana taunar cingam, bai ko ɗaga ido ba.

"Kwamfuta ta nuna asalinka Iraki ne. Sa hannu a nan cewa ka amince, a ba ka kati."

"Wace Iraki kuma, ɗana?"

"Akwai wani mai sunan kakanka a garin Samawa, can Iraki."

"Sunan kakana Fahad. Fahad nawa ne a duniya?"

"Baba, ba ni na rubuta ba. Na gaba!"

Kowa a Sulaibiyya ya san abin da takardar nan take nufi. Ranar da ka sa mata hannu, fayil ɗinka na neman zama ɗan ƙasa ya mutu, da kai da 'ya'yanka da jikokinka. In ka ƙi kuma, babu kati. Gaba kura, baya sayaki. Mizyad ya ninke hannunsa a baya, muka fito.

Kwana biyu bai fita da kankana ba. A na uku ya buga mini kwano bayan la'asar.

"Abu Nayif, sa jallabiyarka mai kyau. Za mu diwaniyyar Abu Talal, inda yake karɓar baƙi."

Na ce, "Ashe ka san hanyar gidan!" Duk shekarun nan, ko allura bai taɓa roƙon mutumin nan ba. Abu Talal ya daɗe da yin ritaya, ya zama irin manyan da in sun ɗaga waya ƙofa take buɗewa.

Zauren baƙinsa ya fi masallacin unguwarmu girma. Turaren wuta, dabino a faranti, manya sun jeru a kujeru ana kallon hoton wani shaho a waya ana cewa masha Allah. Aka nuna mana can kusa da ƙofa, wajen takalma. Mai gahawa ya zagayo da butarsa ya zuba wa Mizyad a finjali. Mizyad ya karɓa da hannun dama, ya duba shi, ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa a gabansa bai kurɓa ba.

Nan take na gane nufinsa. Abin da kakanninmu suke yi ke nan in buƙata ta kai maƙura: baƙo ya ajiye gahawarka, ba zai sha ba sai ka ɗauki nauyin abin da ya zo da shi. In ta huce a gabansa, abin kunyar naka ne har jikoki. Wani tsoho ne ya fara gani, ya taɓa na kusa da shi, hira ta riƙa mutuwa kujera bayan kujera, har zauren ya yi tsit.

Abu Talal ya ajiye waya. Ya ƙura ido, can ya miƙe ya buɗe hannuwa.

"Mizyad? Wallahi Mizyad ne! Jama'a, wannan shi ne ya goya ni ranar da harsashi ya same ni! Wa ya zaunar da shi wajen takalma?"

Ya tako har inda muke, ya sumbaci Mizyad a hanci. Wani ɗan ɗan'uwansa tuni ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Sha gahawarka, Abu Jarrah. Abin da ka zo nema ka samu, ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ne."

"Ranka ya daɗe, ba ka ji buƙatar ba tukuna."

"Na ce sha! A gidana gahawa ba ta hucewa."

Zaure ya ɗauki kabbara. Mizyad ya ɗauki finjalin, ya shanye, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi: kati don yarinya, ba tare da an mai da shi ɗan wata ƙasa ba. Abu Talal ya dafa ƙirji ya ce ranar Lahadi Mizyad ya je ofishin katin ya nemi darakta da kansa. Kafin mu isa gida hoton ya zaga gari, ana ta cewa har yanzu akwai sauran mazan jiya. Ni kaina, da bakina da komai, sai da na share ƙwalla.

Ranar Lahadi muka tafi mu uku, Nuwayyir tana baya rungume da takardunta. Ta zauna a mota, mu muka shiga. Babu layi. Wani mai kaki ya tarbe mu tun daga ƙofa, ya hau da mu bene, ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Darakta ya miƙe ya gaishe mu, aka kawo shayi da ruwan sanyi.

"Abu Talal ya kira ni har sau biyu. Ya ce kada a bar gwarzonmu ya tsaya a rana."

Ya turo wata jakar fata mai kyau, ya buɗe, ya zare alƙalaminsa na zinariya daga aljihu ya ɗora a kai. Na leƙa. Takardar nan ce dai ta yaron mai cingam, ko ɗigo ba a canza ba.

Mizyad ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin an yi kuskure. Abu Talal ya ce in sha gahawata."

"To ai ga shi ka sha, ga shayi ma. Abin da ke cikin kwamfuta ba mai iya taɓa shi, Baba, ko ni. Amma kai ba za ka jira ba, yanzu-yanzu za a buga maka."

Tir! Allah wadai da wannan karamci. Darajar goyon da Mizyad ya yi da jinin da matarsa ta wanke ke nan: a yanka shi a inuwa maimakon a rana. Na ja hannun rigarsa na ce mu tafi. Ya fita baranda ya kira Abu Talal, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Daga barandar ana hango motata, ana hango Nuwayyir ta buɗe ƙofa saboda zafi tana fifita da takardunta. Ya daɗe yana kallonta. Ya koma ciki ya sa hannu.

Ko shayinmu bai gama hucewa ba aka kawo katunan, da ɗuminsu. Ashe suna da sauri in sun ga dama. A gurbin ƙasa, inda a da ba a rubuta komai ba, yanzu an rubuta Iraki.

Muna isa mota Nuwayyir ta ce, "Baba, an samu?"

"An samu, 'yata. Abu Nayif, mu wuce kwalejin kafin su tashi."

Muna isa kwalejin ta shiga da gudunta, mu muka tsaya a mota. Mizyad yana ta jan carbi. Da ta fito, tun daga tafiyarta na san babu lafiya. Ta shiga baya ta rufe ƙofa a hankali.

"Matar ta ce guraben na 'ya'yan bidun ne. Ta ce ni katina ya nuna 'yar Iraki ce, sai dai in nema a layin ɗaliban ƙasashen waje, in biya kuɗi, in kawo fasfo ɗina na Iraki."

Na buɗe baki zan yi zagi, na rasa wanda zan fara da shi. Mizyad ya mai da carbinsa aljihu. Ya juyo ya dube ni, ya yi tambayar a hankali, kamar mai jin kunyar a ji.

"Abu Nayif, ka san inda ofishin jakadancin Iraki yake?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Ja mu je, ma tambaya a hanya."