Shaidar da Maman Zare ta bayar

Shagon ɗinkinta yana ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Maman Zare ake ce mata, don kullum da guntun zare maƙale a leɓenta ko a ɗankwalinta. Amma ba ɗinki kaɗai ke kawo mata mutane ba. Mace za ta zo awon riga, ta ɓuge da kuka kan mijinta ko ɗanta, sai Maman Zare ta tsayar da keke, ta kama hannunta, su durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa. A coci har tsokanarta ake yi wai layinta da sama ba ya yankewa.

Addu'a ɗaya ce ta gagare ta. Ƙaninta, Auta, kafinta ne mai hannu, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma giya ta kama shi tun yana saurayi. Ɗakinsa na manne da nata. Ta yi azumi, ta yi kuka, ta kira sunan Yesu a kansa har muryarta ta dushe.

Sai wata damina Auta ya nutsu. Yana fita aiki da sassafe, ya dawo da garin katako a gashinsa, ya ci abinci ya wanke kwano. Maman Zare ta je ta sami fasto ta ce tana da shaida ranar Lahadi.

Ranar Asabar tana wanki ta ɗaga rigar aikinsa, wari ya bugi hancinta. Ta san warin nan sarai. Ta tsaya da rigar a hannu, sannan ta tura ta cikin kumfa da sauri. Ta ce wa kanta ƙila man goge katako ne. An riga an sa sunanta cikin tsarin sujada, ta kuma ɗinka sabon zane.

Ranar Lahadi ta tsaya gaban jama'a ta ce Ubangiji ya amsa, Auta ya rabu da kwalba har abada. Mata suka yi guɗa, mai ganga ya saki hannu. Wata tsohuwa da ɗanta ke shaye-shaye ta rungume ta tana cewa, "Koya mini yadda kika roƙa, 'yata."

Lahadin da ta biyo, ana tsakiyar wa'azi, aka ji benci ya kife a baya. Auta ne, takalmi ɗaya a ƙafa, yana tangaɗi yana kiran, "Yaya! Ina Yayata mai addu'a?" Dattawa biyu suka riƙe shi suka fita da shi. Ba wanda ya waiwayo ya dube ta, kuma hakan ya fi mata ciwo.

Ta daina zuwa coci. A shago idan mace ta fara ba da labarin damuwarta, sai Maman Zare ta ƙara taka keke ta ce, "Allah ya kyauta." Ko ita kaɗai ta durƙusa, bakinta ba ya buɗuwa. Da wane ido za ta roƙi wanda ta yi ƙarya da sunansa?

Wata rana da hantsi Auta ya shigo shagon, ya zauna a kan kujerar da shi ya ƙera mata, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ban taɓa dainawa ba. Ragewa na yi, ina ɓoyewa. Ina jin ki ta bango kina kiran sunana, sai in rasa inda zan sa kaina. Da na ji kin faɗa wa duniya na warke, na ce to shi ke nan, yanzu ko na faɗi ba ni da wanda zan gaya wa."

"Na ji warin a rigarka," in ji ta. "Tun kafin in tsaya a gabansu."

Ya ɗago ya dube ta. Mai agogo na ta ƙwanƙwasa wani abu a maƙwabta.

"Akwai likitan da ke ganin irinmu," ya ce. "Ina jin kunyar zuwa ni kaɗai."

Ta cire zaren bakinta, ta rufe shago, suka tafi. A ɗakin jira ya ce ta yi masa addu'a, amma a hankali. Abin da ya fito mata kawai shi ne, "Ubangiji, ga mu."

Auta ya sake faɗuwa, ya tashi, ya kuma faɗuwa. Ita kuwa ta koma coci, tana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ranar farko tsohuwar nan ta matso ta tambaye ta jikin ƙaninta. Maman Zare ta gyara ɗankwalinta.

"Yau dai bai sha ba, Baba," ta ce.

"Nawa ɗan kam ya sha," in ji tsohuwar. Ta ajiye sandarta ta zauna kusa da ita.