Na Uku Bai Iso Minna Ba

Kwanan baya a cikin keke, daga Kpakungu zuwa kasuwa, wata mata ta kunna waya ana karanta mata littafin Hausa, an kai wurin da aka raba uwa da ɗanta, uwar tana kuka. Kowa ya kasa kunne, har mai keken. Ni kuwa murmushi na yi, don aikin da wayar nan ke yi ni na fara yin sa tun ina firamare, kuma ba yabon kai ba, na fi ta iya sa murya.

A gidan haya muka tashi, kusa da tashar jirgin ƙasa, unguwar da kakanmu ya sauka da fatauci bai ƙara komawa gida ba. Inna doya take soyawa a ƙofar gida. Da damina, in sabuwar doya ta iso daga Gwada, matan gidan kan taru ƙarƙashin mangwaro su taya ta feraya, ni kuma a ɗora ni kan turmi da littafin da aka karɓo haya a shagon bakin titi. Labaran gidaje ne da suka rikice, da iyaye mata masu haƙurin da ke ba ni haushi. Kashi-kashi suke fitowa daga Kano, na ɗaya, na biyu, na uku. Inna ba ta yi boko ba, amma da wuya in gama shafi ba ta yi wa marubuciya gyara ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna kunyata take ji. Ba ta kama sunana, sai "ke" ko "waccan". In na faɗi, wata ce za ta ɗaga ni. In ka tashi cikin wannan al'ada ka san ba ƙi ba ne, amma yaro bai san haka ba, kuma abin yana ci mini rai.

A daminar da nake ba ka labari, Baba ya kamu da ciwon da ya taɓa masa tunani. Ya daina fita kasuwa, ya daina magana, sai ya wuni yana kallon bango. Yayarsa, Gwaggo, ta zo daga Zariya ta ga halin da ake ciki, ta ce za ta tafi da ni riƙo a rage wa gidan nauyi. Ba muguwa ba ce, taimako take nufi. Sai dai ba wanda ya tambayi Inna, don an san uwa ba ta sa baki a kan 'yar fari. Na yi kuka a bayan gida har na gaji. Inna ta ci gaba da juya doya a kasko.

Littafin da muke kai a lokacin, na wata yarinya ne da aka kai riƙo. Na biyu ya ƙare tana kwance da zazzaɓi a gidan mutane, uwarta ba ta sani ba. Inna ta aike ni in karɓo na uku, mai shago ya ce bai iso ba. Washegari ta sake aikena, ita da ba ta taɓa ɗokin littafi ba. Da na dawo hannu sake, maƙwabciyarmu 'yar Bida, wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ta ajiye wuƙa ta dubi Inna, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Kai kana jiran takarda ya faɗa maka? Yarinyan nan, wa ya haife shi?"

Inna ta mai da kai kan kasko. Ta dai bar doya ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar tafiya aka ɗaure mini kaya a leda. Gwaggo ta kama hannuna, mun kai zaure, sai na ji an kira sunana daga tsakar gida, a cike, da ƙarfi. Ban gane muryar ba sai da na waiwaya. Inna ce, da matsami a hannu.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji ta. "A ce ba ni da kunya, na yarda. Amma 'yata a gabana za ta ci, ko gaya ne ba miya."

Gwaggo ta yi fushin da ya daɗe, dangi suka sa Inna a baki. Ita kuwa ta ƙara awara a kan doya, ta riƙe mu, ta yi jinyar Baba har Allah ya ba shi sauƙi.

Yanzu littattafan sun koma waya, ba mai jiran motar Kano. Iyayen cikinsu ma sun canza, suna kai ƙara, suna faɗin abin da ke ransu, kuma ina jin daɗin haka. Amma na san wadda ta riga su, kuma ina alfahari da ita. Tawa 'yar farin, sunanta nake kira tun safe har ta ce na ishe ta. Inna kuwa, tana nan da ranta a ɗakin da ke kusa da nawa, kuma tun daga ranar nan ba ta sake kama sunana ba. Ban taɓa neman ƙari ba.