Yadda Na Durƙusar da Mai Tsaron Baya

Ni mai son ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro a unguwar Nima a ƙasar Gana, kuma ko a can ban taɓa ganin girman ɗan baya ba. A filinmu wanda bai iya komai ba shi ake turawa baya, a ce ya tsaya ya riƙa dokawa waje. Shi ya sa ranar da kamfanin da nake yi wa aikin jinyar tsofaffi a gidajensu ya tura ni wurin wani tsohon ɗan wasan hoki na ƙanƙara, aka ce mini kuma mai tsaron baya ne, na yi ta dariya ni kaɗai a cikin bas har unguwar Port Richmond a nan New York. Wasan banza, kuma a cikin wasan banzar ma ɗan baya.

Don ƙarfina aka zaɓe ni. Mata biyu sun gwada sun bari, ba don yana duka ba, sai don ba sa iya ɗaga shi. Bature ne ƙato, idan ya tsaya a ƙofa sai ya cike ta. Hancinsa ya karye ya kwanta gefe, haƙoransa na gaba na roba ne, yatsun hannunsa kowanne da inda ya nufa. Ƙwaƙwalwarsa ta riga ta fara tafiya. Wata rana ya gane ni, wata rana ya ɗauka ni direban ƙungiyarsu ne. Ina kiransa Baba, yana amsawa.

'Yarsa malamar makaranta ce, tana zuwa Asabar da Lahadi. Ita ta tsayar da ni gaban hotunan da ke falo ta ba ni tarihinsa. Daga wani ƙauye mai sanyi a Kanada ya fito. Ya shafe ƙuruciyarsa a ƙananan ƙungiyoyi, daga wannan gari zuwa wancan a bas. Sau ɗaya aka kira shi babbar ƙungiya a nan New York, ya buga wasanni kaɗan, aka mayar da shi inda ya fito, ya ci gaba har gwiwoyinsa suka ƙi. Ta ce aikinsa shi ne ya riƙa zamewa da baya da baya a kan ƙanƙara yana fuskantar mai kawo hari. Idan aka harbo faifan roba mai taurin dutse da suke bugawa a maimakon ƙwallo, sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ya tare shi da jikinsa don kada ya kai ga gola.

Na ce, "Madam, to ya ci nawa?"

Ta ce, "Ci ba aikinsa ba ne."

Na gyaɗa kai kamar mai ladabi. A zuciyata kuwa cewa nake yi: mutum ya bar garinsu, ya ba da haƙoransa da hankalinsa, don a riƙa jifansa yana tsayawa. Ko jaki idan aka jefe shi kaucewa yake yi.

Kafin ta tafi ta faɗa mini magana ɗaya, kuma ba zan ce ban ji ba. Ta ce gidan nan shi kaɗai ya rage masa. A nan matarsa ta rasu, a nan kaɗai yake iya gane hanyar bayi da ta gado. Likita ya gaya mata cewa idan ya sake faɗuwa sau ɗaya, ba zai zauna a gida ba, sai gidan tsofaffi. Ta ce, "Ka riƙe mini shi a tsaye, shi ke nan roƙona."

Na riƙe shi a tsaye wata biyu.

Wata safiya ina haɗa masa burodi, murfin kwalbar man gyaɗa ya kuɓuce mini ya faɗi, ya zame a kan tayil ya nufi ƙofar kicin. Baba yana tsaye a wurin da sandarsa. Mutumin da sai na ƙirga masa uku kafin ya tashi daga kujera, kafin in ƙifta ido ya kai gwiwa ƙasa ya tare murfin da ƙaurinsa. Ya ɗago kai yana huci, idonsa a buɗe tar kamar na saurayi. Sai kuma ya kasa tashi, sai da na cicciɓe shi.

Na yi dariya har da hawaye. Washegari da gangan na tura murfin. Ya durƙusa. Rana ta uku na ɗauki bidiyonsa a waya.

Akwai shagon wani Alhaji ɗan Nijar kusa da tashar bas, inda muke taruwa bayan la'asar, direbobi da masu gadi da ire-irena. Can na kai bidiyon.

Wani direba ɗan Kumasi ya riƙe ciki. "Massa, wannan ai kare ka samu! Jefa masa ƙashi mu gani."

Na ce, "Kare ai ya fi shi, kare yana dawo maka da abin."

Alhaji ya leƙo daga bayan kanta. "Kai ɗan Gana, ka ji tsoron Allah, uban wani ne fa." Ya gyara tabarau. "Mayar da shi farko, ban ga faɗuwar da kyau ba."

Haka muke. Mu ne masu cika sahun gaba ranar Juma'a, masu kukan cewa yaranmu a ƙasar nan ba su san girman tsoho ba. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya karɓe wayar daga hannuna. Amma ba su suka tura murfin ba, ni ne, kuma ba na neman raba musu kayana.

Abin ya zama kamar sana'a. Idan na shiga shagon sai a ce, "Ina ɗan wasanka? Yau ya tare nawa?" Ni da ba kowa ba, mai wanke wa tsofaffi kashi, na samu abin da ake jira in kawo. Sai na fara ƙara gishiri. Na daina turawa da hannu, na koma doka murfin da sandar goge ƙasa don ya yi gudu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ya gama shan shayi. Na jingina wayar a kan firji. Na san ƙugunsa na hagu ne marar lafiya, ni nake shafa masa magani kullum. Can gefen na doka, don in ga ko zai kai. Ya kai. Bai durƙusa ba wannan karon, jikinsa duka ya jefa, ya faɗi a kan ƙugun. Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen ice a cikin tsumma.

Bai yi kuka ba. Yana kwance, fuska ta yi fari, ya dube ni ya ce, "Ta shiga?"

Na ce, "Ba ta shiga ba, Baba."

Ya rufe ido.

Ga abin da na yi kafin in kira motar asibiti. Na sa hannu a ƙarƙashinsa na zaro murfin, na mayar a kan kwalbar na murɗa. Na mayar da sandar goge ƙasa bayan ƙofa. Na share bidiyoyin duka. Sannan na kira. A rahoton kamfani na rubuta cewa na shiga bayi ɗauko tawul, na fito na tarar da shi a ƙasa.

A asibiti 'yarsa ta riƙe hannuna biyu tana gode mini da na yi saurin kira. Ta ce laifinta ne, taurin kanta ne, tuntuni likita yake faɗa mata gidan ba zai yiwu ba. Na tsaya ina ba ta haƙuri, ina cewa ƙaddara ce. Daga asibiti aka wuce da shi gidan tsofaffi. Ta rubuta wa kamfani takardar yabona, da ita na samu wani gidan mai sauƙi.

A shago da aka tambaye ni na ce ɗan wasa ya yi ritaya. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Na kai kusan shekara a haka. Abin da ya hana ni sukuni wa'azin limaminmu ne, cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Na je na tambaye shi, idan mai haƙƙin ba ya gane magana fa? Ya ce sai a nemi wanda yake tsaye a kan lamarinsa. Na so ya ce istigfari ya isa. Bai ce ba.

Na sami 'yar Baba wata Asabar a wurin ajiye motoci na gidan tsofaffin. Ta yi murna da ganina, ta ce in shigo in gaishe shi. Na ce ta tsaya tukuna. Na faɗa mata duka, har da shagon, har da gefen hagu.

Ta ce, "Sau nawa?"

Na ce, "Ban ƙirga ba, Madam. Da yawa."

"Yana jin daɗi idan ya tare?"

Ƙofar tsira ce ta buɗe mini da wannan tambayar, kuma na gan ta. Na ce, "Yana ji. Amma ba don haka nake yi ba. Don mu yi masa dariya ne."

Ta ce ta sayar da gidan wata uku da suka wuce, tana ganin ta yi abin da ya dace. Ta ce tun da aka kawo shi nan bai sake sanin inda yake ba, kullum roƙon nas yake yi a nuna masa hanyar ɗakinsa. Ta ce kada in kuskura in taka ƙofar wurin nan, kuma ranar Litinin za ta kira kamfani.

Ta kira, aka kore ni, kuma daidai ne. Yafiya ba ta ba ni ba, ni ma ban sake roƙa ba, don ko ta ba ni, wasu mutane ne yanzu suke kwana a gidan Baba.