Taron da Na Je Neman 'Yan'uwa

Shekarar da na gama sakandare a Tsafe, ni kaɗai ne Kirista a ajinmu. Ba wanda ya taɓa tsangwama ta, sai dai in an kira azahar kowa ya tashi, ni in zauna gadin jakunkuna. Shi ya sa da fastonmu ya ce za a yi taron kwana uku a Gusau domin waɗanda suka gama makaranta, a tattauna bangaskiya da aiki da rayuwar zamani, tun bai rufe baki ba na ɗaga hannu. A raina na ce yau zan shiga cikin nawa.

Babana malamin dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Shi ya kai ni tasha a babur, ya ce in buɗe kunne da kyau.

A makarantar wata coci aka yi taron. Yawancin matasan 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata ne da iyayensu suka zo daga kudu. Sun san juna tun firamare, hirarsu duk da Turanci. Wurin rubuta suna, wadda ke riƙe da biro ta dubi rigata da hulata, ta tambaye ni ko ɓatan hanya na yi. Na nuna mata Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannuna. Ta ba ni haƙuri har zuciyarta, amma daga ranar sunana ya koma Malam.

Rana ta biyu aka raba mu rukuni-rukuni, kowa ya faɗi aikin da yake so da yadda zai riƙe amana a cikinsa. Wannan ya ce kwamfuta, wancan banki, wata ta ce likitanci a ƙasar waje. Jagoranmu yana rubutawa a allo. Da aka zo kaina, na ce da Turancina mai ɗingishi ina so in yi jinyar shanun makiyaya. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Jagoran ya rubuta noma a allo, ya wuce ga na gaba.

Lokacin abinci na ɗauki farantina na koma bayan zauren, gindin darbejiya. Nan wata tsohuwa ta same ni. Tana cikin masu jawabi, nas ce mai karɓar haihuwa da ta yi ritaya bayan dogon aiki a ƙauyukan Bungudu, wajen Kwatarkwashi. Da ta buɗe baki sai na ji Hausar gida.

"Ɗana, mi ya kawo ka nan kai ɗai?"

"Iska nike sha, Mama."

Ta zauna a kan bulo ta ce ta ji abin da na faɗa ɗazu. Ta tambaye ni cutar da ta fi damun shanu da damina. Na fara da ciwon hanta, na wuce ga na huhu, har shinkafata ta huce ban sani ba. Tun zuwana ban yi magana mai tsawo haka ba.

"Garin da na zauna babu coci," in ji ta. "Ran Lahadi in share ɗaki, in zauna bakin gado, in yi waƙa biyu, in karanta sura guda. Wani lokaci ban ƙare ba a buga ƙofa, mace na naƙuda."

"Ba ki ji kewa ba, Mama?"

"Na ji, har yau ina ji. Ba zan ce maka tana wucewa ba. Amma aikin nan da suka yi wa dariya, ka yi shi da tsoron Allah."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa.

Ranar rabuwa aka karɓi lambobinmu, aka sa mu a guruf ɗaya a waya. Wata da watanni ina ganin hotunan waɗanda suka sami jami'a a Legas da Abuja. Sau da yawa nakan rubuta gaisuwa in goge. A hankali kowa ya yi shiru.

Na yi kwas ɗin lafiyar dabbobi, yanzu ina aiki a yankin Kucheri. Hanya ba ta da kwanciyar hankali kamar da, rugage da yawa sun tashi, amma waɗanda suka rage sun san ƙarar babur ɗina. Ɗaki guda nake haya, ni ke dafa abincina.

Kwanaki aiki ya kai ni Bungudu, na tsaya a wani ƙaramin asibiti na kwatanta musu tsohuwar nas ɗin nan ta taron. Ma'aikatan duk sababbi ne. Wata dattijuwa da ke jiran magani ce ta gane ta, ta ce ita ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka, amma ta koma garinsu da daɗewa, ba ta san ko ina ne ba. Na yi mata godiya, na gyara ɗaurin akwatin magani, na kama hanya.